Ɗaɗɗoya

Ɗaɗɗoya, wadda wasu ke kira ɗoɗɗoya ko daidoya, tsiro ce mai ƙamshi da ake shukawa a gidaje da lambuna domin girki da magani. Hausawa na kiran tsirrai da dama na dangin Ocimum da wannan suna, amma wadda ta fi girma kuma take shekaru ba ta mutu ba ita ce wadda masana ke kira Ocimum gratissimum. Tana cikin iyalin Lamiaceae, wato iyali ɗaya da na'a-na'a. A ƙasar Hausa, inda ake yin wata bakwai ko fiye babu ruwan sama, daɗewarta ta dogara ne ga abu biyu: ban ruwa da rani, da kuma yawan tsinke kanta kafin ta zuba iri.

Suna da ire-irenta

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya ba ta sunan kimiyya a shekarar 1753. Yarabawa na kiranta efinrin, Inyamurai kuma nchanwu. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya a zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafin da ya fitar a 1916, sannan ya yi bayanin amfanin tsirran Afirka ta Yamma a wani littafin a 1937.

Akwai 'yan'uwanta biyu da ake yawan rikita ta da su. Ta farko ita ce Ocimum basilicum, mai laushin ganye, wadda galibi shekara ɗaya take yi ta mutu. Ta biyu ita ce Ocimum americanum, mai ƙananan ganye, wadda ke fitowa da kanta a gonaki da bakin hanya da damina. Ana gane babbar ɗaɗɗoya da tsayinta, da faɗin ganyenta, da kuma yadda gindinta ke yin ƙarfi kamar itace idan ta kwana biyu.

Siffarta

Ɗaɗɗoya na kai tsayin mita 1 zuwa 3 idan ta samu wuri mai kyau, kuma tana yin rassa da yawa. Karanta yana da kusurwa huɗu, kamar sauran 'yan iyalinta. Ganyen na fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, gefensa kamar haƙoran zarto, kuma da an murza shi ƙamshi zai tashi. Furenta ƙanana ne, farare ko masu ɗan ratsin kore, suna jeruwa a kan wani siririn zangarniya a ƙarshen reshe. Ƙudan zuma na son furen sosai. Kowane fure kan bar ƙwayoyin iri har huɗu, ƙanana masu launin ƙasa-ƙasa.

Inda take fitowa

Asalinta yankuna masu zafi ne na Afirka da kudancin Asiya, musamman Indiya. Daga can ta bazu zuwa Brazil da tsibiran Karibiyan da na tekun Pasifik, inda a wasu tsibiran ta yawaita har ta zama ciyawa mai cinye wuraren kiwo.

A kudancin Najeriya, inda ruwa ya wadata, takan rayu ba tare da wata kulawa ba. A Arewa abin ya bambanta. Kudancin Jihar Jigawa, wato yankin Birnin Kudu da Gwaram, har da ƙauyuka irin su Maruta, ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, domin yakan kusanci milimita 1,000 a shekara. Sai dai kusan duk wannan ruwa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Shi ya sa a irin waɗannan wurare aka fi ganin ɗaɗɗoya a cikin gida, kusa da randa ko rijiya ko wurin alwala, ko kuma a gefen fangali a lambun fadama, inda danshi ba ya yankewa.

Wuri da ƙasa

Ɗaɗɗoya na son rana, amma a lokacin bazara, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, ta fi jin daɗin wurin da take samun hantsi kuma inuwar katanga ko bishiya ta rufe ta bayan azahar. Ƙasar da ta fi dacewa da ita ita ce mai sauƙi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Jigawa zalla tana saurin bushewa, don haka sai an haɗa ta da takin gargajiya da ya ruɓe. Laka kuma tana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, don haka a fadama ana shuka ta a kan kunya ko tudun fangali. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona saiwa, kuma yana jawo gara.

Wanda ba shi da fili zai iya shuka ta a tsohon bokiti, ko fasasshiyar tukunya, ko buhu, muddin an huda ƙasansa domin ruwa ya riƙa fita.

Yadda ake shuka ta

Hanyoyi biyu ne: iri da reshe.

Idan da iri ne, ana yafa shi a kan ƙasa mai laushi, a rufe da 'yar ƙasa kaɗan, domin ƙwayar ƙarama ce, in an binne ta da zurfi ba za ta fito ba. Ana yayyafa ruwa a hankali safe da yamma. Takan tsiro cikin mako 1 zuwa 2. Idan tsiron ya kai santimita 10 zuwa 15, sai a yi dashe da yamma, a bar tazarar aƙalla rabin mita tsakanin gindi da gindi.

Idan da reshe ne, ana yanko wanda bai tsufa ba kuma bai yi fure ba, mai tsawon kamar taƙi ɗaya. A cire ganyen ƙasa, a bar biyu ko huɗu a sama, a kafa shi a ƙasa mai danshi a inuwa, ko a tsoma shi a kwalbar ruwa. Yakan yi saiwa cikin mako 2 zuwa 4. Amfanin wannan hanya shi ne sabon tsiron zai ɗauko ƙamshin uwarsa daidai, alhali wanda aka samu daga iri yana iya bambanta.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna, domin saiwa ta kama ƙasa sosai kafin kaka.

Kulawa daga damina zuwa bazara

Da damina aikin bai wuce cire ciyawa da buɗe wa ruwa hanya ba. Idan tsiron ya kai kamar kamu ɗaya, ana tsinke kansa, abin da ke sa ya fitar da rassa biyu a madadin ɗaya. Haka za a riƙa yi wa kowane reshe, har ta yi cunkus.

Da kaka takan fara fure gadan-gadan. A nan ne masu shuka da yawa ke rasa ta, domin idan aka bar duk furen ya zama iri, ganye na raguwa, ya ƙanƙance, tsiron kuma ya shiga rani da rauni. Abin da ya dace shi ne a riƙa cire zangarniyar da zarar ta ɓullo, a bar biyu ko uku kawai domin samun iri.

Da hunturu iska na busar da ganye, girma kuma yana tsayawa. Ana rage dogayen rassa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindi domin riƙe danshi, a riƙa ban ruwa bayan kwana biyu ko uku. Da bazara kuwa, wadda ke cikin tukunya tana bukatar ruwa kullum. Ruwan wanki mai sabulu ko omo ba ya yi mata kyau. Idan ta tsallake wannan lokaci, da ruwan farko za ta sake tohuwa fiye da bara. Gindi ɗaya na iya yin shekaru da dama, amma idan ya tsufa ya zama itace, an fi so a sabunta shi da reshe.

Kwari da dabbobi

Ƙamshinta na korar wasu kwari, amma ba duka ba. Darɓa da farin ƙuda kan taru a bayan ganye su tsotse shi har ya nannaɗe. Ana wanke su da ruwa, ko a fesa ruwan da aka jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya. Akwai kuma ƙananan tsutsotsin ƙasa da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, irin waɗanda ke damun tumatir da kuɓewa, don haka ba a son dasa ta inda waɗannan suka lalace. Tun da ganyen ci ake yi, bai kamata a fesa masa maganin kwarin gona ba. Kaji kan tone sabon dashe, awaki kuma kan karya rassa da rani, shi ya sa ake kewaye ta da ƙaya ko darni.

Girbi da adanawa

Ana fara tsinkar ganye bayan kamar wata 3 da shuka. An fi son tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, kuma ba a ɗibar fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Idan za a adana, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana na ƙone man da ke ba ta ƙamshi. Bayan ya bushe a zuba a kwalba mai murfi. Iri kuma ana barinsa ya bushe a jikin zangarniya, sannan a murje shi a sheƙe.

Amfaninta

A girki ana sa ganyen a farfesu, da miya, da dafa-duka, da kifi, wasu kuma na jefa shi a shayi. A kudancin Najeriya yana cikin kayan farfesun da ake yi wa mai jego.

A maganin gargajiya ana dafa ganyen a sha domin ciwon ciki, kumburi, gudawa, mura da tari. Ana yin sirace da shi, ana kuskure baki da ruwansa, ana kuma shafa ruwan ganyen a kan ƙuraje. Wasu na ajiye rassan a ɗaki ko su turara busasshen ganye domin korar sauro.

Ganyen na ɗauke da mai mai ƙamshi, kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. A wasu ire-iren sinadarin da ya fi yawa shi ne yujinol, wanda ke ba kanumfari ƙamshinsa. A wasu kuma, musamman na Afirka ta Yamma, taimol ne ya fi yawa, sinadarin da ake sawa a wasu magungunan wanke baki. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa man na hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kuma masana a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife sun gwada shi a kan ƙurajen fuska.

Gargaɗi

Yawancin binciken da aka yi a kanta an yi shi ne a ɗakin gwaji ko a kan dabbobi, don haka ba ta maye gurbin maganin asibiti. Babban haɗarin gudawa ga yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma abin da ke ceton rai shi ne ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc, da gaggauta zuwa asibiti idan yaro ya galabaita. Zazzaɓi, musamman da damina, yana bukatar gwajin maleriya, kuma hayaƙin ganye ba ya maye gurbin gidan sauro. Tataccen man ɗaɗɗoya yana da ƙarfi, yana iya ƙona fata, kuma ba a shan sa. Masu juna biyu, da masu shan maganin ciwon sukari ko na tsinka jini, su tsaya ga abin da ake sawa a abinci, su kuma nemi shawarar likita kafin su sha ta a matsayin magani. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar magungunan gargajiya da ake haɗawa domin sayarwa.