Zafin Ɗaki Daga Rufi da Bango Yake Farawa

A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya shiguwa har bayan isha'i. Kwano ya wuni yana shan rana yana sauke ta ciki, bulon siminti mai rami kuma ba shi da kaurin da zai tare ta. Sai maigida ya ruga sayen fanka da iyakwandishan, alhali tun ranar da aka ja igiyar awon fili aka yi ɓarnar.

Kuɗin wuta kuwa ya daina zama abin wasa. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu amfani da wuta na rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225.

Tun 2017 Najeriya ke da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi, ko da yake da wuya a ji magini ya ambace ta. Ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi musu inuwa, a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, a sa iyakwandishan mai inbata. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: manyan tagogi su dubi arewa da kudu, domin ranar hantsi da ta la'asar ta gabas da yamma suke kutsowa.

Masu ganin ginin ƙasa alamar talauci ne su leƙa Dandaji a jihar Tawa ta Nijar. A 2018 masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci da bulon jar ƙasa da ake matsewa a inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Bango mai kauri irin wannan yakan riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi sanyi, abin da masu tubali da soro suka daɗe da sani. A Gando ta Burkina Faso ma, Francis Kéré bai guji kwano ba a makarantar da ya gina a 2001. Ɗaga shi ya yi sama da silin na ƙasa, iska na ratsa tsakani tana kwashe zafin. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker ta zanen gine-gine.

Sai dai ƙasa ba ta shiri da ruwa, kuma nan ne gangancin ke cin rayuka kowace damina. Tushe ya zama na dutse ko siminti, ya ɗago sama da ƙasa. Bakin rufi ya zarto bango. Indararo ya zubar nesa. A guji kwari da hanyar ruwa komai arahar filin. Ba kowace ƙasa ke yin bulo ba, sai an gwada ta, an kuma bar bulon ya kama a inuwa kafin a ɗora.

Game da kayan wuta kuwa, a kasuwa kowane kwali cewa yake yi kayansa ba sa cin wuta. Adadin wat ɗin da ke jiki shi ne abin dubawa: ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Mai niyyar sa sola ya fara da canza fitilu da gyara rufi, domin yawan farantai da batiran da zai saya ya danganta ne da yawan wutar da gidan ke ja.