Gaskiya ko Jita-jita: Kazar da Ta Yi Jugum a Garun Mallam

A Garun Mallam, Kadawa da ƙauyukan da ke bin magudanan ruwa har Kura da Bunkure, kaza dukiyar mata ce. Da ita ake sayen sabulu, da ita ake fita kunyar baƙo. Shi ya sa ranar da ta ƙi fita kiwo, ta takure a gindin katanga, ta saki fukafukai tana gyangyaɗi, sai shawara ta yi ta zuwa daga kowace kusurwa. Wata shawarar gaskiya ce, wata kuwa ita ke ƙarasa kazar.

Wadda aka fi ji ita ce: "A fasa mata kafso a ruwa." Kafson nan ja da rawaya, wato tetirasaikilin, maganin ƙwayoyin bakteriya ne. Ba ya kashe tsutsar ciki, ba ya taɓa ƙuma ko kaska, ba shi da iko a kan annobar kajin nan da likitoci ke kira cutar Niyukasul. Jugum alama ce kawai, cututtuka da yawa ke haddasa ta. Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki ba da komai, ɗauki kazar ki duba ta. Shafa ƙashin ƙirjinta: idan ya fito tsini babu tsoka a gefensa, ciwon ya daɗe yana cin ta, kuma wannan halin tsutsa ne. Dubi zankonta: idan ya koɗe ya yi fari-fari, jini ne ya ragu, wani abu na tsotsar ta. Ɗaga fiffike, buɗa gashin ƙarƙashin wutsiya, sannan ki dubi kashinta. Idan kuwa kaji da yawa ne suka kwanta a cikin kwana biyu ko uku, masu ƙiba da marasa ƙiba, da kashi kore, da numfashi sama-sama, wata ma wuyanta ya murɗe, to bar batun tsutsa. Wannan annoba ce, kuma rigakafi ne kaɗai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafin Niyukasul da ake ɗigawa a ido, kuma gara a yi shi kafin hunturu ya kama.

Akwai masu cewa tsutsa ciwon damina ce, da rani an huta. A ƙasar tudu maganar na da ƙamshin gaskiya, domin rana da bushewa na kashe ƙwan tsutsa. Amma a nan jita-jita ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke ratsa gonakin wannan yanki har a tsakiyar bazara. Kaza na tono a bakin magudana, a gefen fadamun shinkafa, a inda aka zubar da ruɓaɓɓen tumatir. Ƙwan doguwar tsutsar hanji yana iya yin watanni da rai a ƙasa mai laima da inuwa, kuma cikin mako biyu da fitowarsa a kashi ya isa kama wata kazar. Tsutsa mai faɗi kuwa ta jikin tururuwa, buzuzu da ƙuda take shiga, duk abincin kaza ne. Akwai kuma jar tsutsa da ke maƙalewa a maƙogwaro, har ka ga ɗan tsako na miƙa wuya yana wage baki, ita kuwa tanar ƙasa da katantanwa ne ke ɗauke da ita. Ruwan da ya kawo wa manomi noman rani shi ya ba waɗannan halittu wurin zama duk shekara. Wannan ne abin da na fi so mai kiwo a yankin nan ya riƙe.

"Ai ban ga tsutsa a kashinta ba." Rashin gani ba shaida ba ne. Ƙwan ba ya ganuwa sai da madubin likita. Wani lokaci dai a kan ga guntayen tsutsa mai faɗi a saman kashi, farare kamar ƙwayar shinkafa. Hanya mafi sauƙi ita ce, duk ranar da aka yanka kaza a gidan, a tsaga hanjin bisa tsawonsa kafin a yar. Doguwar tsutsar na kaiwa santimita 10, ba ta ɓuya. In an same ta a ɗaya, sauran ma na ɗauke da ita.

Haka nan ba gaskiya ba ne cewa maganin tsutsa duk ɗaya ne. Fiferazin, wanda ya fi yawa a shaguna, doguwar tsutsa yake fitarwa, ba ya yi wa mai faɗi komai. Lebamisol da albendazol sun fi shi faɗin aiki. Idan kuma 'yan tsaki ne masu mako 3 zuwa 6 suke kashin jini suna cunkushewa wuri guda, wannan koksidiyosis ne, ƙwayar cuta ce da ke hayayyafa a jiƙaƙƙen akurki, maganinta amfuroliyam ko dangoginsa. A ba da awon da aka rubuta a jikin leda, a cika kwanakin, a sake bayan mako biyu zuwa uku idan malamin dabbobi ya ce a sake. A kuma kwashe kashin akurki a kai gona, in ba haka ba kazar za ta sake tsattsagar abin da aka fitar mata.

Maɗaci da barkono fa? Ban raina ilimin iyayenmu ba. Bincike ya nuna ɓawon maɗaci na da ɗan tasiri a kan wasu tsutsotsin cikin dabbobi. Matsalar ita ce babu awo, jiƙon wannan gida ba shi ne na wancan ba. Kazar da ta riga ta kwanta ba ta da lokacin gwaji.

Toka kuwa gaskiya ce. Birgima a busasshiyar toka da yashi na rage ƙwarƙwata. Man kaɗanya ko basilin da aka shafa a kan ƙumar da ta liƙe a gefen ido da zanko yana toshe mata numfashi, haka ma ƙafar da ta yi ɓawo-ɓawo. Sai dai toka ba ta kai wa ga kaskar kaji, wadda ke ɓuya a tsagar bangon ƙasa da ƙarƙashin ɓawon bishiya, ta fito da dare ta sha jini ta koma. Tana iya yin fiye da shekara ba ta ci ba, kuma tana sa wa kaza zazzaɓi mai kashewa. Mai son ganinta ya haska akurki da tocila bayan isha'i. Maganinta a liƙe tsagogi da sabon yaɓe, a fesa ɗakin da maganin da aka yi don kaji, bayan an fitar da su.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne a kan ragowar maganin feshin gona. Tun ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a 2016, da wuya ka shiga gidan manomi a nan ba ka ga kwalbar feshi ba, sai a ɗiba a shafa wa kaza a ƙarƙashin fiffike, ko a ɗiga mata fiya-fiya, ko kananzir da baƙin mai. Guba ce. Tana ratsa fata, ta kashe kazar, in ma ta tsira dafin na iya sauka a ƙwan da yara za su ci. Wannan ba jita-jita ce kawai ba, haɗari ne ga gida duka.

Saura batun a yi maza a yanka kafin ta mutu. Tsutsar hanjin kaza ba ta kama mutum. Amma kazar da ta sha magani ba a cin namanta ko ƙwanta sai kwanakin da aka ƙayyade sun wuce. Kuma idan mutuwa ce ta gaggawa ta faɗa wa garke, a tuna an fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a Jaji ta Jihar Kaduna, ta iso Kano, ta kuma yi sanadin rasuwar wata mata a Legas a 2007. Irin wannan kazar ba a fige ta, ba a kai ta kasuwa. A ware marasa lafiya, a binne matattu da zurfi, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.