Kiɗan Ƙarshe na Dinu Lipatti

Faifan kiɗa iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a ɗakin ɗaukar murya, inda makaɗi yakan sake duk wurin da ya yi kuskure har ya gyaru. Akwai kuma wanda ake ɗauka a gaban taron jama'a. A nan babu sakewa. Abin da yatsa ya taɓa ya zauna ke nan, har da tafin masu sauraro. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani faifai irin na biyun.

Dinu Lipatti mutumin ƙasar Romaniya ne, an haife shi a 1917. Allah ya ba shi baiwar kaɗa piyano tun yana ƙarami. Amma yana cikin ƙuruciyarsa cutar daji mai kama kaluluwa ta same shi, ya yi shekaru yana fama da ita.

Ya yi alkawari zai yi kiɗa a garin Besanson na ƙasar Faransa ran 16 ga Satumba, 1950. Da ranar ta zo jikinsa ya yi rauni ƙwarai, har aka ba shi shawara ya fasa. Shi kuwa ya ƙi saɓa alkawari. Ya kaɗa kiɗan Bach, da na Mozart, da na Schubert. Sa'an nan ya shiga kiɗan rawa guda 14 na Chopin. Ya kaɗa 13, ƙarfinsa ya ƙare, ya tashi. Jama'a suna jira, sai ga shi ya komo. Bai kaɗa na 14 ɗin ba. Ya kaɗa wata waƙar sujada ta Bach wadda ke yabon Yesu, farin cikin zuciya. Wannan waƙa ba ta cikin faifan, waɗanda suke wurin kaɗai suka ji ta. Ran 2 ga Disamba na shekaran nan ya rasu a Janiba, yana da shekara 33.

Abin mamaki, in kun saurari faifan ba za ku ji majinyaci ba. Kiɗan yana tafiya garau, da sauƙi, da murna. Sai wanda ya san labarin zai gane tsadarsa.

Don haka in kun samu faifan, ko a waya, kada ku kunna shi kuna hira. Ku tara yara bayan tuwon dare, ku fara ba su labarin, sa'an nan ku yi shiru ku ji. Ku ƙirga kiɗan Chopin tare, har 13.

Da yawanmu muna jira sai mun sami lafiya, ko kuɗi, ko sarari, kafin mu yi wa Ubangiji aiki da baiwarmu. Ran nan Lipatti ba shi da ƙarfin 14, sai ya ba da 13, ya rufe da yabo. Mu fa, me muke jira?