Ko Ka Sani? Gara, Maginiyar da Ke Rushe Gini

Ko ka sani cewa a cikin ƙananan halittun da ke zaune tare da mu a Kano, babu wadda ta kai gara iya gini, babu kuma wadda ta kai ta sanin inda rauninsa yake? Duk wanda ya taɓa tashi gyaran tsohon gida a Kaura Goje ko wata unguwa ta Nasarawa, ya sa kafinta ya ɓamɓare silin domin a sauya kwano, ya tarar katakon da ya ɗauke rufi shekara da shekaru ya koma ɓawo, bayansa lafiya lau, cikinsa kuwa ƙasa tsantsa, to, ba ya bukatar a kawo masa wata hujja.

Mutane da yawa suna lissafa gara cikin dangin tururuwa, alhali kuwa masana sun tabbatar da cewa kyankyaso ne ɗan'uwanta na kusa. Ma'aikatanta makafi ne, fatarsu kuma ba ta jure rana ko busasshiyar iskar hunturu, shi ya sa ba ta tafiya a sarari, sai ta kwaɓa ƙasa da yawunta ta gina rufaffiyar hanya a jikin bango, ta bi ta ciki har ta cim ma itace. A can ƙarƙashin suri akwai uwa guda wadda ba ta da aiki sai saka ƙwai, dubbai a yini ɗaya. Abin da ya fi ba ni al'ajabi shi ne, garar da ke tayar da manyan surai a ƙasarmu manomiya ce: takan tauna ciyawa da itace, ta tara su ɗaki-ɗaki, ta raini wani irin funfuna a kansu, shi ne ke narkar mata da abin da cikinta ba zai iya narkarwa ba. Da yake gonar nan tana bukatar laima da ɗumi daidai wa daida dare da rana, sai aka ratsa surin da hanyoyin iska har ya zama tamkar huhu. Wannan tsari ne mai zanen gine-gine Mick Pearce ya yi nazari a kai, ya zana ginin Eastgate na birnin Harare a Zimbabuwe, wanda aka buɗe a 1996, iska ce ke zagaya shi tana sanyaya shi.

Malamanmu sun daɗe da sanin gara. A Suratu Saba'i an ba da ƙissar wafatin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana dogare da sandarsa, aljannu na ta fama da aiki ba su sani ba, sai da wata dabbar ƙasa ta cinye sandar ya faɗi. Mufassirai kuwa sun ce gara ce. Wanda ya yi tadabburi zai ga cewa abin da injiniyan gini ya fi tsoro yana nan cikin wannan ƙissa, watau madogarin da ido ke ganin sa a tsaye, alhali ƙarfinsa ya riga ya tafi.

Maginan Hausa na dā ba su da maganin feshi, amma sun san abokiyar gabarsu, saboda haka suka zaɓi itacen da haƙorinta ke sha wuya a kansa, watau azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya. Sai dai azara guda ba ta iya haye faffaɗan ɗaki ba tare da ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasar rufi ba, kuma daga wannan gazawa ce hikimarsu ta ɓullo: sukan dasa azara cikin bango, su ɗora wata a kanta ta ɗan zarce ta, su ɗaure da igiya, su lulluɓe da ƙasa, daga wannan bango da wancan, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A nan Kano ma, wanda ya shiga Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a 1909, ya ɗaga kai, zai ga aikin ƙasa da azara da idonsa.

Da siminti da rodi suka zo, sai muka saki jiki, a ganina fiye da kima. Gaskiya ne gara ba ta cin kankare, amma ba ta bukatar ta ci shi. Tsagar da da ƙyar allura za ta shige, ko gefen bututun ruwa inda ya huda daɓe, ya ishe ta ƙofa. Sau da yawa ma mu ne ke ajiye mata guzuri, domin katakon da aka yi akwatin zuba kankare da shi, da kututturen bishiyar da aka sare, akan binne su nan cikin fandisho don gudun wahala. Mafi muni shi ne a baje suri a ɗora gini a kansa: samansa kaɗai aka rushe, ɗakunansa da ramukansa suna nan ƙarƙashi, in damina ta jiƙa su sai ƙasa ta zauna, harsashi ya bi ta, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga. Injiniyan da ya san aikinsa yakan sa a haƙe wurin har a fito da uwar, a cike ramin da jar ƙasa ana daɓewa hawa-hawa, a fesa magani kafin a zuba kankare, a kuma jiƙa katakon rufi da nasa maganin tun yana ƙasa.

Mai niyyar gyara kuwa, kafin ya sayi fenti, ya ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na rufi ya saurara, domin cinyayyen itace ƙarar ganga yake yi. In kuma ruwan farko ya sauka, ya lura da shinge, waɗanda su ne 'ya'yan garar masu fiffike da ke fita kafa sabon gida: idan daga waje suke shigowa neman hasken fitila, wannan al'adarsu ce, idan kuwa daga gindin bangon ɗaki suke ɓullowa, to, gidansu yana ƙarƙashin nasa.