Idan Masifa Ta Afka Wa Kamfani, Me Ya Kamata Ya Faɗa Wa Jama'a?

Yau za mu taɓo wani fanni da ake kira hulɗa da jama'a, wato yadda kamfani ko ma'aikata ke magana da mutanen da take yi wa hidima. Wasu na ɗauka aikin jami'in hulɗa da jama'a bai wuce yabon kamfani da rufa masa asiri ba. To, ba nan gizo ke saƙar ba. Ranar da abu ya ɓaci ake gane gwanin wannan aiki.

Bari in ba ku misalin da har yau ake koyar da shi a jami'o'i. A ƙarshen watan Satumba na shekarar 1982, a yankin birnin Chicago na Amurka, mutum bakwai suka mutu bayan sun sha maganin ciwon kai mai suna Tylenol. Ta farkonsu yarinya ce 'yar shekara 12. Bincike ya nuna wani ne ya zuba guba a cikin ƙwayoyin bayan sun bar masana'anta, ya mayar da su kan kanta a kantuna. Ke nan ba laifin kamfanin Johnson & Johnson ba ne, mai maganin.

To, me suka yi? Ba su ce "ba ruwanmu" ba. Suka fito suka gargaɗi mutane kada kowa ya ƙara shan ƙwayar. Suka dakatar da tallarta. Suka janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga kasuwa a duk faɗin ƙasar, hasarar da ta kai wajen dala miliyan 100. Suka buɗe layin tarho don masu tambaya, shugaban kamfanin kuma, James Burke, ya riƙa fitowa a talabijin da kansa yana amsa tambayoyin 'yan jarida. Cikin watan Nuwamba suka dawo da maganin a sabuwar kwalba mai liƙi har hawa uku, yadda in an taɓa sai an gani. Wannan liƙin da kike ɓarewa a bakin kwalbar magani, tun daga lokacin ya zama ruwan dare. Cinikinsu ya faɗi ƙasa warwas, amma kafin shekara ta zagayo ya kusa komawa inda yake.

Me ya cece su? Abu uku ne. Sun yi magana da wuri, kafin jita-jita ta riga su. Sun faɗi gaskiya, ba kwana-kwana. Sannan maganarsu ta zo tare da aiki, jama'a suka ga an fifita rayukansu a kan riba.

Kada ki ce wannan zancen manyan kamfanoni ne, 'yar uwa. In kina sayar da zoɓo ko kunun aya, wata ta ce ɗanta ya yi gudawa bayan ya sha, kada ki hau ta da faɗa. Ki saurare ta, ki dakatar da sayar da na ranar, ki duba ruwanki da robobinki, sannan ki gaya wa masu sayenki abin da kika gano. In kuma a ofis kike, kada ki yi riga malam masallaci, ki watsa labarin wurin aikinki a WhatsApp. Ki bar wanda aka ɗora wa alhakin magana ya yi, don kada a ji baki biyu. Su kuma shugabanni, ma'aikatansu ya kamata su fara sanarwa, ba wai su tsinci labarin ma'aikatarsu a rediyo ba.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Amana kuwa shekaru ake yi ana gina ta, yini guda ya isa a rushe ta.

Nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.