Ƙarshen kaka a duwatsun Abzin

Ƴan'uwa manoma, a nan kudu idan watan Nuwamba ya kama, an gama yankan gero, an ɗaure dammuna. Rumbu ya cika ko bai cika ba, mutum yakan ɗan miƙe ƙafa. Amma arewa da Agadas, cikin duwatsun Abzin, a lokacin ne aiki yake tashi.

Abzin ƙasa ce ta duwatsu da ƙoramu. Can ne dutsen Bagzan yake, mai tsawon mita 2022. Ba wurin da ya kai shi tsawo a Nijar duka. Garuruwa irin su Timiya da Tabelot suna zaune a bakin ƙorama. Ruwan sama kaɗan ne, ba ya isa a cika rumbu da gero. Alhali kuwa gero ne abincin Abzinawa na kullum. To, daga ina suke samun sa?

Daga wurinmu, kuma gishiri ne ke sayo shi. Tun watan Oktoba masu raƙuma suke shirin ayari. Suna yankan ciyawa, suna ɗaure ta, domin a hamadar Tenere raƙumi ba ya samun abin ci. Mata suna daka gero da dabino da cukun awaki, shi ne guzurin matafiya. Sai madugu ya shige gaba, a nufi Fashi da Bilma. Zuwa da komowa yakan ci wata guda ko fiye. Suna komowa da dabino da kantun gishiri, wanda dabbobinmu ke lasa. In raƙuma sun huta, sai a gangaro Damargu da Tasawa da Damagaram, a sayar, a auni gero. Raƙuman suna cin karan gonaki, suna barin taki. Manomin da ya sauki ayari a gonarsa bai yi hasara ba.

Yau manyan motoci sun karɓe rabon gishiri mai yawa. Tun 2014 kuma, da aka gano zinariya a Jado, samari da dama sun bi can. Ayari ya ragu, amma bai mutu ba.

Mazan da suka tsaya gida suna cikin garka. Suna haƙar albasa a daidai lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci a kasuwa, don haka takan yi daraja. Suna shuka alkama, domin tana son sanyi. A Timiya lemu yana nuna. A bisa Bagzan ana noman tafarnuwa da dankalin turawa, jakuna ne suka saba sauko da su. Dā raƙumi ko sa ke jawo guga daga rijiya. Yanzu injin ban-ruwa ya yawaita. Yana rage wahala, gaskiya ne. Sai dai ruwan rijiyar, ƙorama ce ta ajiye shi a ƙarƙashin rairayi tun damina. In kowa ya zuƙa ba awo, rijiyar maƙwabci na iya ƙafewa kafin bazara.

Nauyin gida kuwa a kan mata yake. Su ke kiwon awaki a gindin duwatsu, su ke tatsa, su ke yin cuku. Gidan da maigida ya bi ayari ba a barinsa haka nan: mai garka ya aika da kayan miya, mai awaki ta aika da nono.

Babban abin tsoro a wannan lokaci shi ne ɗari. Da rana akwai zafi. Rana na faɗuwa sai sanyi ya sauko farat ɗaya. A Disamba da Janairu, wani dare ruwa kan daskare a bisa dutse. Mutane suna hura wuta cikin ɗaki, su toshe ƙofa. Hayaƙin nan yana ɓata huhun yaro. Garwashi a ɗakin da ba iska kuwa yana iya kashe mai barci, ba tare da ya farka ba. A bar wata kafa a buɗe, a fitar da garwashi kafin a kwanta.

Wannan magana ta shafe mu, domin hunturun nan yana isowa Tawa da Maraɗi. A rufa wa yaro kai da ƙirji da ƙafafu tun magariba. In yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti guda yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa sa'ad da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, a kai shi gidan likita a ranar, ko da tafiyar da nisa.