Sai Talge Ya Nuna Ake Tuƙa Tuwo

Duk macen da ta san girki ba ta juye gari gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa. Sai ta fara yin talge, ta bar shi ya nuna, sannan ta riƙa barbaɗa gari kaɗan-kaɗan tana juya muciya. Wadda ta yi gaggawa kuwa, tuwonta gudaji zai yi, kuma ko ta tuƙa har kafaɗa ta sage, ba za su baje ba.

Haka muke yi wa 'ya'yan talakawa a firamare. Yaro ya shigo aji ɗaya bai san sautin "b" ba, sai a cika masa allo da jimlolin Turanci, malami ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi. Wanda ya ji amon daga waje sai ya ce karatu ya kankama. Ɗauke yaro ɗaya gefe ka nuna masa kalmar "tuwo" a rubuce, ka ga yadda zai sunkuyar da kai. Da wannan gudajin zai wuce aji biyu, ya wuce aji shida, ba wanda ya lura. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, yara bakwai cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi.

Talgen karatu shi ne sautin baƙi da wasali, a harshen da yaro ya tashi da shi. Hausar boko ma ta yi mana sauƙi, domin kusan yadda ake furta ta haka ake rubuta ta: ya san "ka", ya san "za", ya haɗa "kaza" da kansa, fuskarsa ta washe. Malaman allo sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba sa kai almajiri gaba sai ya gama babbaƙu da farfaru. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka, a kan wannan turbar ya ɗora darussan ƙananan azuzuwa.

Sai maganar wuta, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Ɗan mai hali tukunyarsa ba ta sauka daga murhu: ga littattafai a gida, ga malamin lesin da yamma. Ɗan talaka kuwa itacensa bai wuce na makaranta ba. Da an tashi, sai talla ko gona, tukunya ta huce kafin gobe. Ranar da malami bai zo ba, ko hayaƙi ba a yi.

Iza wutar nan ba ta da tsada. Idan akwai yaro ɗan aji ɗaya ko biyu a gidanku ko a maƙwabta, ku zaunar da shi bayan magariba, ko da minti goma ne, ya karanta muku layi biyu da bakinsa. In babu littafi, gawayi da bango sun isa.